Waiwaye: Yadda 'Yan Kasuwa Suka Rataye Ruwa a Saman Dukiyarsu

Duk wanda ya kwana biyu a Sabo ya san wannan ihun. Dare ya raba, gari ya yi tsit, sai ka ji wani daga can bakin titi yana cewa, "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!" Kafin ka laluba takalminka unguwa ta tashi. Wannan ya fito da bokiti, wancan da jarka, yara na ɗibar yashi, samari na neman ƙarfen da za su ɓalle kwaɗo da shi, don mai shagon yana gida yana barci da makulli a aljihun rigarsa. A kira 'yan kwana-kwana, a tsaya jiran su ratso hanyar da mu da kanmu muka cike da teburi da rumfuna. Da gari ya waye sai a taru a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, ƙungiya ta zauna ta yi karo-karo. Bayan wata biyu an sake kafa katako an buga kwano, an ja wayar lantarki yadda take da, kowa ya koma harkarsa.

Abin da ya sa gobara ta fi yi mana ciwo a nan shi ne, sau da yawa abin da ke ƙonewa ba na mai shagon ba ne shi kaɗai. Tun da aka yanka wa Hausawan Badun wannan unguwa a 1916, a kan amana aka gina ta. Baƙo ya gangaro da shanu ko ya zo sayen goro, ya sauka wurin maigida, maigida ya ajiye masa kaya, ya riƙe masa kuɗi, ya tsaya masa a wurin bashi. Har gobe haka muke. Idan sito ɗaya ya ƙone a Sabo, akwai wanda zai kwana bai rintsa ba a Kano, akwai na Sakkwato, akwai na Maraɗi.

Shi ya sa a wannan fitowar muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wata 'yar na'ura da yawancinmu mun sha gani a silin ɗin banki, ko otal, ko manyan kantunan zamani, amma ba mu taɓa tambayar aikinta ba. Ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Tana da ɗan faifai kamar fure a ƙasa, da 'yar siririyar kwalba mai jan ruwa a tsakiya. Turawa na ce mata sifirinkila. Mu a nan bari mu kira ta famfon yayyafi. Aikinta guda ne: ta ji zafin wuta, ta buɗe kanta, ta yi ta zubo ruwa, ko da kuwa babu kowa a wurin. Wanda ya bi tarihinta zai tarar 'yan kasuwa ne irinmu suka raine ta, bayan sun gaji da jaje.

Matsalar da aka daɗe ana fama da ita

A ranar 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi cikin dare a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan. Kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje kimanin 13,200 da coci-coci 87. Gidajen na katako ne, a manne da juna, lunguna a matse, a bakin kogi kuma ga sito-sito cike da mai da kwalta da gawayi. In kun lura, kamar ana ba da labarin wata kasuwa ce da muka sani. Bayan wannan bala'i ne aka fara inshorar gobara a Ingila. Kamfanonin suka kafa nasu 'yan kwana-kwanan, suna manna wata alama ta ƙarfe a bangon gidan da ya yi rajista da su.

To amma akwai abin da yawan ma'aikata bai magance ba, wato lokaci. Wuta a mintinta na farko bokiti ɗaya ya ishe ta. Idan ta samu minti goma a ɗakin da ke cike da kaya, tanki guda ma sai an yi da gaske. Kafin mai gadi ya farka, ya yi ihu, a ɗauro dawakai a ja famfo a iso, aikin gama ya gama. Saboda haka masu tunani suka fara tambayar kansu: ta yaya ruwa zai riga mutum isa wurin wuta?

A 1723 wani mai haɗa magunguna a Landan, Ambrose Godfrey, ya zo da tasa dabarar. Ganga ce a cike da ruwan kashe wuta, a cikinta an sa wani ɗan gwangwani na albarushi da lagwani ya leƙo waje. Idan harshen wuta ya taɓa lagwanin sai albarushin ya tashi, gangar ta tarwatse, ruwan ya watsu ko'ina. Dabara ce mai ban tsoro, kashe wuta da albarushi, amma tunanin da ke cikinta shi ne ya rayu: a bar wutar da kanta ta kira abin da zai kashe ta.

Sai kuma gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane, shi ma a Landan. Masu shi sun yi alfahari da tankunan ruwa da labulen ƙarfe da suka sa masa, amma duk da haka ya ƙone ƙurmus a 1809. Da aka sake gina shi a 1812, William Congreve, mutumin da aka fi sani da ƙera rokokin yaƙi, ya shimfiɗa masa bututu masu ƙananan huji a sassan ginin, ya haɗa su da babban tanki. Idan wuta ta tashi sai wani ya je ya murɗa bawul, ruwa ya feso ta hujin. Daga shekarun 1850 masaƙun auduga na arewa maso gabashin Amurka suka ɗauki irin wannan tsari. Aibinsa biyu ne. Na farko, sai da mutum a farke kuma a kusa. Na biyu, idan an buɗe, ɗakin gaba ɗaya ke jiƙewa, ko da wutar a kusurwa ɗaya take. Wani lokaci ɓarnar ruwan ta fi ta wutar. Ga tsatsa da ƙurar auduga da ke toshe hujin.

Mutumin da aka hana ragi

A nan ne labarin ya karkato wajen da ya fi shafarmu. Masaƙar auduga a wancan zamani tamkar tulin harawa ce kusa da murhu. Ƙurar auduga na yawo a iska, injuna na ɗaukar zafi, man shafa injin ya jiƙe daɓen katako, ga fitilu na ci. Kamfanonin inshora sun san haka, don haka suke tsawwala wa masu masaƙa kuɗi, kowa da kowa farashi ɗaya, mai kula da marar kula.

Akwai wani mai masaƙa a jihar Rhode Island ta Amurka, sunansa Zachariah Allen. Ya kashe kuɗi ya gyara tasa: daɓe mai kauri da wuta ba ta saurin ci, bango mai raba sashe da sashe, famfo da mesa a ajiye. Ya je wurin kamfanin inshorarsa ya ce, tunda na rage muku haɗari, ku rage mini kuɗi. Aka ƙi. Maimakon ya koma gida ya yi ta gunaguni, sai ya bi 'yan'uwansa masu masaƙa ɗaya bayan ɗaya. A 1835 suka kafa asusun kansu a birnin Providence.

Ga yadda suka tsara shi. Kowane ɗan ƙungiya ya zuba kuɗi a asusu. Wanda gobara ta shafa a biya shi daga ciki. Idan shekara ta ƙare, abin da ya rage a mayar wa masu shi. Kun ga ke nan, duk gobarar da ba ta tashi ba riba ce a aljihun kowa, duk wadda ta tashi kuma hasara ce ta kowa. Wannan ya canja halin mutane. Ba a karɓar mutum sai ya cika sharuɗɗa. Daga baya suka ɗauki masu duba gini, suna zagayawa masaƙa-masaƙa, suna leƙa famfo, suna duba shara, suna rubuta abin da suka gani. Sakacin maƙwabci ya zama abin da ya shafe ka kai tsaye, kuma kana da bakin magana a kai. Karin maganar nan tamu ta gemun ɗan'uwa da ya kama wuta, su sai suka mayar da ita doka mai sa hannu. Asusun nan da ire-irensa su ne suka haɗe suka zama kamfanin da duniya ta daɗe tana kira FM Global kafin ya sauya suna a 2024, wanda har yau gwajin kayan kashe gobara na cikin manyan ayyukansa.

Irin waɗannan mutane, masu neman duk abin da zai rage gobara don kuɗinsu ya dawo, su ne kasuwar da ke jiran famfon yayyafi tun kafin a ƙera shi.

Daga masana'antar fiyano

Wanda ya fara ƙera irin wanda aka yi amfani da shi sosai shi ne Henry Parmelee na birnin New Haven. Yana da masana'antar fiyano, wato wani babban abin kiɗa na Turawa. Busasshen katako, da garin zarto, da fenti, su ne kayan aikinsa, kuma kuɗin inshora na cin ribarsa. A 1874 ya yi rajistar dabararsa: a bar ruwa a cike cikin bututu kullum, a jera kawuna a jikin bututun, kowane kai a rufe shi da murfin tagulla da aka liƙe da wata irin dalma mai saurin narkewa. Idan zafi ya taso, dalmar kan da ke saman wutar ta narke, ƙarfin ruwa ya ture murfin, yayyafi ya sauko. Sauran kawunan suna nan a rufe. Da wannan ya magance aibin nan biyu a lokaci guda: ba a bukatar mai gadi, kuma inda wuta take nan kaɗai ke jiƙewa. A masana'antarsa ya fara ɗaurawa.

Sai dai nasa yana da nawa. Ruwan da ke cikin bututun yana taɓa murfin, yana sanyaya dalmar, sai wuta ta yi ƙarfi kafin ta narke. Wanda ya gyara wannan shi ne Frederick Grinnell, injiniya da ya yi aikin jirgin ƙasa kafin ya karɓi wani kamfanin haɗa bututu a Providence, garin su Allen. Shi ne yake ƙera wa Parmelee kayansa yana ɗaurawa a masaƙu, don haka ya san inda suke ciwo. A 1881 ya fito da nasa, inda ya nisanta dalmar daga ruwan, ya bar ta a fili iska mai zafi na bugunta. Ya sa ɗan faifai da ruwan ke bugawa ya watsu kamar lema. Ya ci gaba da gyare-gyare har 1890. Sunansa ya bi na'urar har a Faransa akan kira ta da "girinel", kamar yadda mu ma muke kiran kowane garin wanki da sunan kamfani ɗaya.

Asusun masu masaƙa suka gwada, suka duba littattafansu, suka ga masaƙar da ke da famfon yayyafi hasararta kaɗan ce. Sai suka rage wa mai shi kuɗin zubi. Ragin da aka hana Allen shi ne ya zama abin da ya yaɗa na'urar, domin mai masaƙa na iya lissafa shekarun da ragin zai mayar masa da abin da ya kashe.

A 1883 wani ɗan kasuwar Manchesta, William Mather, ya haɗu da Grinnell a tafiyarsa ta Amurka, ya sayi izinin ƙera na'urar a wajen Amurka. Kamfaninsa, Mather & Platt, ya shiga ɗaura ta a masaƙun yankin. A nan akwai zaren da ya iso har ƙofarmu. A Manchesta aka kafa ƙungiyar Ingila ta bunƙasa noman auduga a 1902, wadda ta kafa injinan gurza a ƙasar Yarbawa da kuma Arewa, irin su Zariya da Funtuwa. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Legas a 1901, layin ya kai Kano a 1911. Audugar kakanninmu ta bi ta tashar Dugbe ta gangara teku, ta shiga masaƙun da ruwa ke rataye a samansu, ta dawo mana a matsayin akoko da yadi. A can ana tsaronta da famfo mai buɗe kansa. Da ta dawo hannunmu sai muka jibge ta a rumfar katako kusa da fitilar aci-balbal.

Ƙa'ida, sannan doka

Da na'urar ta yaɗu sai kowane mai haɗa bututu ya riƙa yin yadda ya ga dama. A Manchesta wani jami'in inshora, John Wormald, ya rubuta ƙa'idojin farko a 1885. A Amurka kuwa, lokacin da wakilan masu inshora da masu ƙera na'urar suka zauna a Boston a 1895, sun tarar da ma'auni iri tara na kaurin bututu da tazarar kawuna a cikin kilomita 160 kacal daga birnin. A 1896 suka fitar da ƙa'ida guda, suka kuma kafa ƙungiyar kare gobara ta NFPA. Kundin nan, wanda ake kira NFPA 13, ana ta sabunta shi, kuma da shi injiniyoyi a ƙasashe da dama ke aiki har yau. Darasin a fili yake: famfon da aka ɗaura ba bisa ma'auni ba ado ne kawai.

Har zuwa lokacin dai dukiya ake karewa. Maganar rai sai da aka ga abin tashin hankali. Ranar Asabar 25 ga Maris 1911, dab da tashi daga aiki, wuta ta kama a masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin Niyok. Masana'antar na hawa na 8 da na 9 da na 10. Tsanin 'yan kwana-kwana a hawa na 6 ya tsaya. An kulle wata ƙofar fita don gudun kada ma'aikata su saci kaya. Cikin ƙasa da rabin awa mutum 146 suka halaka, yawancinsu 'yan mata baƙi, 'ya'yan Italiyawa da Yahudawa da suka je neman abinci a ƙasar da ba tasu ba. Mu da muke zaman ci-rani da ya zama zaman gida, mun san irin waɗannan yara. Na'urar da za ta iya danne wutar tun tana cikin kwandon ƙyalle ta yi shekara talatin a kasuwa, amma ba a sa ta a ginin ba. Bayan haka ne jihar ta yi dokokin da suka wajabta famfon yayyafi a dogayen masana'antu, suka kuma hana kulle ƙofa a lokacin aiki.

Yadda take aiki a yau

Yawancin na yanzu 'yar kwalba ce ke toshe bakin ruwan. Ruwan da ke cikin kwalbar na kumbura idan ya ji zafi, har ya fasa ta. Launinsa ke nuna zafin da zai fashe a kai: ruwan lemo digiri 57 a ma'aunin Salshiyos, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Don a gane, jikin mutum 37 ne, ruwa kuma a 100 yake tafasa. Ja shi ne aka fi gani a ofisoshi. Amma ƙarƙashin kwanon da rana ke duka babu silin, ko kusa da wurin gashi, injiniya zai zaɓi mai lamba sama da haka, don kada ya fashe da tsakar rana babu gaira babu dalili.

Akwai kurakurai biyu da muke yawan ji. Wasu na cewa hayaƙi ke tayar da ita, wai ko turaren wuta ka kunna sai ta jiƙa ka. A'a, zafi take ji. Mai jin hayaƙi wata na'ura ce daban, mai ƙara. Wasu kuma sun gani a fim duk kawunan sun buɗe lokaci ɗaya. A irin wadda ake sa wa shaguna da sito, kan da zafi ya kai gare shi ne kaɗai ke buɗewa, kuma sau da yawa ɗaya ko biyu sun isa su riƙe wutar. Kai ɗaya na kula da fili kamar murabba'in mita 9 zuwa 12, yana zubar da abin da bai kai rabin na mesar 'yan kwana-kwana ba. Da ruwa ya fara gudu a bututun kuma, akwai ƙararrawa a waje da ke kaɗawa. Mai tsoron jiƙewar kaya ya tuna: atamfar da ta jiƙe ana shanya ta a sayar da ragi, toka kuwa ba ta da mai saye.

Ba kowace wuta ake wa ruwa ba. Fetur da man suya kan taso saman ruwa su bi shi, wutar ta ƙara yaɗuwa. Shi ya sa ma'ajiyar mai ke amfani da kumfa, manyan ɗakunan girki kuma da wani ruwan magani da ke rufe saman man. Ɗakin kwamfutoci da na muhimman takardu iskar gas ake sakar musu. An daɗe ana amfani da wadda ake kira halon, har sai da aka gano tana ɓata rufin sararin sama da ke tare zafin hasken rana; yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin ta, aka koma wasu. 'Yan canjinmu da masu shagon waya, wannan sashen naku ne.

Mu kuma fa?

Aikin kashe gobara na gwamnati a ƙasar nan ya faro ne a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, kuma a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar tarayya. Manyan gine-ginenmu sun ɗanɗana. Dogon benen sadarwa na NET a Legas ya kama a Janairun 1983. A nan Badun, dattawanmu na tuna Janairun 1985, lokacin da Cocoa House, bene mai hawa 26 da aka gama a 1965 da kuɗin koko, ya ci wuta mutane na kallo daga nesa. Sai a 1992 aka sake buɗe shi. Kasuwanni kuwa ba a magana: babbar kasuwar Jos a 2002, Jankara ta Legas a Disambar 2012, Sabon Garin Kano a Maris 2016, Balogun a Nuwambar 2019, Sakkwato da Katsina a 2021, kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Da wuya a samu gida a Sabo da ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a ɗaya daga cikinsu.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ce gobe kowa ya ɗaura famfon yayyafi a rumfarsa ba. Ita 'yar kwalbar ita ce mafi araha a cikin tsarin. Abin da ke bayanta shi ne aikin: tanki mai ɗaukar ruwan da zai yi ta zuba har taimako ya iso, injin tura ruwa mai amfani da gas ɗin mota don lantarki shi ake fara yankewa idan gobara ta tashi, bututu masu kaurin da ya dace, da wanda zai riƙa dubawa. A unguwar da ruwan famfo sai an ga dama, ruwan tankin nan kuma dole a bar shi, ba na alwala ba ne, ba na sayar wa 'yan garuwa ba ne. Bincike a ƙasashen da suka daɗe da na'urar ya nuna babban abin da ke hana ta aiki shi ne wani ya rufe bawul ya manta. Bayan shi sai jibga kaya har silin, alhali ana so a bar aƙalla santimita 45 a ƙasan kowane kai. Sai shafa mata fenti, sai rataya kaya a jikinta. Duk waɗannan halin mutum ne, kuma mun san kanmu.

Mai shago ɗaya ba zai iya wannan ba, kamar yadda Allen shi kaɗai bai iya ba. Layi guda na shaguna talatin kuwa zai iya haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, ya ɗora tanki ɗaya, ya sayi inji ɗaya. Kuma abin da Allen ya sha wahalar haɗawa mu mun gaje shi. Muna da ƙungiyar 'yan goro, da ta mahauta, da ta 'yan canji, da ta masu hatsi. Muna da adashi. Muna da fadar Sarkin Hausawa inda ake yanke magana ta zauna. Masu ƙyamar inshora saboda addini ma yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan, kuma tsarinsu na taimakekeniya da mayar da rara ya yi kama da na masu masaƙar nan. Bambancinmu da su shi ne ranar taro. Mu muna taruwa washegarin gobara. Su suka mayar da taronsu kafin ta.

Saboda haka ga abin da muke roƙon shugabanninmu su sa a gaba. Duk wanda zai gina sabon sito ko jerin shaguna na bulo, ko zai sake gina wanda ya ƙone, ya nemi injiniyan da ya san aikin tun ana zane, domin shimfiɗa bututu kafin a rufe silin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A fara da manyan sito-sito inda ake ajiye kayan amana. Kowace ƙungiya ta ware wani kaso na kuɗin da take tarawa don jaje ta mayar da shi na rigakafi. A naɗa mutum biyu ko uku masu ido da gaskiya, su riƙa zagayawa duk wata suna duba waya, da jarkar fetur da ake ɓoyewa bayan buhu, da tukunyar gas, da hanyar da mota za ta bi. Wanda aka gaya wa gyara ya ƙi, ƙungiya ta san matakin da za ta ɗauka, don wutarsa ba a shagonsa za ta tsaya ba. Wannan zagayen ko kwabo ba ya ci, kuma da shi su Allen suka fara, shekara kusan arba'in kafin a ƙera na'urar.

Mun sani, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma akwai gobarar da ake cewa daga kogi take. Amma malamanmu sun sha gaya mana tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Baƙon da ya bar mana kayansa ya hau mota ya koma Arewa, ya tafi ne da zaton mun ɗaure.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu da ta mutanen da ke hannunmu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri. Amin.